Jakar Barci Mai Nauyi

Ɗumi abu ne mai nauyi, kuma duk wanda ya yi musu bai yi karatu ba. Dokta Prodipto Bhaduri, malamin tattalin arziki a wata kwaleji ta Kolkata, ya gaji wannan doka daga kakarsa. Duk shekara idan sanyi ya ƙarato, tsohuwar kan kira mai shiɓar auduga ya ɗura mata lep, bargon nan mai jan ƙyalle, ta tsaya a kansa har ya ɗora a sikeli. Bargon da bai danne wa mutum ƙirji ba, a wurinta mayafi ne.

Da wannan ilimi ya shiga kantin kayan hawan dutse, matarsa Shorbani da ƙaninta Tapan suna biye. Tun tana amarya Shorbani take son ganin fitowar rana a kan dutsen Kanchenjunga, ga shi bana likita ya duba gwiwarta ya ce in za ta hau, ta hau yanzu. Tapan ne ya tsara tafiyar, irin ta masu ƙaramin ƙarfi: ƙafa, tanti, kowa da kayansa a baya. Shi ya riga ya sayi jakar barcinsa ta hannu, mai lallausan gashin ƙirjin agwagwa, ya zo da ita don a samo wa mutum biyun irinta.

Prodipto ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wannan ce? Tapan, an sayar maka da iska a cikin zani."

"Jamaibabu," in ji Tapan, kamar yadda ake kiran mijin yaya a wurinsu, "ai iskar ce ɗumin. Gashin ne yake riƙe ta."

"Ka ji shi! Yaron da ya faɗi lissafi zai koya mini auna kaya."

"Lissafi na faɗi, ba barci ba. A barci ni ne na ɗaya a ajinmu."

Shorbani ta taɓa hannun mijinta. "Ka ji, ko mu ɗan ƙara mu sayi irin tasa?"

Prodipto ya bi jakunkunan kantin ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa kamar mai zaɓen kifi, har ya dace da wasu biyu a ƙasan tari, kowace sai da hannu biyu. Sun fi kowace nauyi, sun fi kowace araha. Ya yi wa mai kantin ɗan jawabi a kan yadda kasuwa take cutar wanda bai san darajar abu ba. Mai kantin, wanda jakunkunan suka daɗe suna tare masa wuri, ya yarda da kowace kalma.

Hawan farko ya ci su yini guda. Shorbani ba ta ce komai a kan nauyin ba, sai dai ta yawaita tsayawa kallon itatuwa.

Da gari ya waye a zangon farko, Prodipto ya fito daga tanti yana jin kamar ƙasusuwansa na aro ne. Abin da ke cikin jakar, gashin kaza ne da aka daddatsa har da ƙaya, aka cuɗa da tsumma. Ya sha raɓa, ya dunƙule a gefe ɗaya, sanyi ya shiga ta ko'ina. Ya tarar da matarsa zaune a kan dutse, leɓenta ya yi shuɗi, kofin shayi yana kaɗawa a hannunta har yana zuba. Zango na gaba ya fi wannan tudu, an ce ruwa ma daskarewa yake yi a gora. Jaka mai kirki ɗaya ce, mutane uku.

Ya yi lissafin nan take, don sana'arsa ce. Shorbani ta karɓi ta Tapan. Namiji ɗaya ya cusa masu nauyin biyu a cikin juna ya lallaɓa. Ɗayan ya sauka. Kuma ya san sarai wanda ya dace ya sauka. Ya buɗe baki, ya hango kansa a ɗakin malamai ana tambayarsa yaya dutse, sai ya kai kofi bakin ya kurɓi shayi.

"Didi," in ji Tapan ga yayarsa, yana murza gwiwa, "ni fa ƙafar nan ta ƙi. Jiya na gurɗe a wajen rafi."

"Yaushe? Ban ga ka faɗi ba."

"Kina can kina gaisawa da itatuwa." Ya jefa mata jakarsa, ta sauka a cinyarta ba ko ƙara. "Riƙe wannan, na gaji da ɗaukar iska. Jamaibabu, kai kuma haɗa naka biyun. Ba ka ce nauyi ne ɗumi ba? Yau har gumi za ka yi."

"Tapan, ai da ni ne..." Prodipto ya fara, a hankali yadda ba lallai a ji ba.

"Da kai ne me? Ka bar ni da Didi ta yi ta yi mini faɗa har ƙoli? Matarka ce, kai ka saba."

Shorbani ta dubi ƙaninta, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai tana naɗe jakar. Prodipto ya so ta yi masa masifa. Ba ta yi ba, sai ma ta tambaye shi ko ya sha maganinsa.

Tapan ya bar musu tantin da satu, garin gasasshen wake da ake damawa, da sauran sukari. Ya nuna wa Prodipto inda hanya take rabuwa a sama da inda za su tsaya su ga dutsen sosai, wurin da shi Tapan ya daɗe yana kallo a hoto, wanda ya roƙi hutun ofis dominsa. Sannan ya rataya 'yar jakarsa ya kama gangara yana ɗingishi.

Prodipto ya ɗaure jakunkunan biyu a bayansa, igiya ta nutse masa a kafaɗa. Da suka ɗan hau ya waiga. Can ƙasa, inda Tapan yake zaton kwanar hanya ta ɓoye shi, ya daina ɗingishin. Ya tsaya ya ɗaga kai yana duban inda gajimare ya rufe dutsen, ya jima, sannan ya ci gaba da sauka.