Kira Daga Baya a Watan Fatalwa

A watan bakwai na kalandar gargajiya, lokacin da aka ce fatalwa ke yawo cikin mutane, da wuya ka ga wanda ya yarda a yi masa aiki a asibitin birnin Tainan. Shi ya sa Ko Tiong-bin, mai sayar da miyar kifi, ya samu gado babu jira.

Zuciyarsa ta daɗe tana bugu barkatai, magani ya gaza. Likita ta ce za a zura siririyar waya ta jijiyar cinyarsa har zuciya, a ƙone ɗigon naman da ke rikita bugun. In aka jinkirta, jini na iya daskarewa ya haura kai.

"Tsoho, zaɓi," in ji matarsa A-hun. "Ko waya yau, ko baɗi in kunna wa hotonka turaren mamata."

Ba a sa shi barci ba. Yana kwance cikin sanyi, zafi na cin ƙirjinsa, sai wata murya ta fito daga bayan kansa.

"Ko Tiong-bin."

Tun yana yaro ya sani: a wannan wata, in aka kira cikakken sunanka daga baya, ba ka amsawa. Wanda ya amsa, an tafi da shi. Ya dantse haƙora.

"Ko Tiong-bin! Kana ji na?"

Ya runtse ido.

"Ku duba ko bakinsa ya karkace," in ji likita. "In shanyewar jiki ce, zare wayar zan yi."

Ya ji ta sarai. In aka zare, da zuciyar da ya zo da ita zai koma gida. Gumi ya cika masa kunne, harshe ya ƙi motsi.

Takun takalmi ya zagayo, fuskar nas ɗin da ke kiransa ta leƙo ta gabansa.

"Kawu, matse hannuna."

Hannun da ɗumi. Ya matse.

"To me ya ɗinke maka baki?"

"Daga baya kika kira ni."

"Kai, Kawu! Kamar kakata. Likita, ci gaba, garau yake."

Zafin ya dawo. Can sai fafutukar da ya saba ji a ƙirji ta ɗauke ɗif.

"Zuciyata ta tsaya," ya ce.

"Ba ta tsaya ba," in ji nas. "Saurara."

Na'urar auna bugun zuciya na ƙara, ɗaya bayan ɗaya, daidai. Ya saurara, amma bai saki hannun ba.