Lemun Tsamin Dagaci a Cikin Duro

Neofitos yana tsaye a kan kujera a shagon gahawar Kokos, ya kafa kunne a jikin talabijin, lokacin da aka ce ɗan takararsa ya ci zaɓen Amurka. Ƙarfe tara ne na safe. Ya diro ba tare da kowa ya tallafe shi ba, abin da gwiwoyinsa suka daina yarda da shi tun bara, ya buga tebur har kartar masu wasa ta watse.

"An gama! Kowa ya je ya haɗa kayansa!"

Ko gezau babu wanda ya yi. Tsoho Miltiyadis ya duƙa yana tsince kartarsa yana tsaki.

"Dagaci, zauna kada ka karye," in ji Kokos daga bayan kanta. "Kayan da muka haɗa a wancan zaɓen ma ba mu kwance ba."

Dagaci ne kuwa na gaske, ba na tsokana ba. Mu 'yan gudun hijira, Girkawan da ke zaune a kudancin tsibirin Kubrus, har gobe muna zaɓen dagatan ƙauyukan da muka baro a arewa, a hannun Turkawa. Sau bakwai ana zaɓen Neofitos. Yana da hatimi, yana da takarda mai tambari, har da taswirar inda zai kafa famfo. Ƙauyen ne kawai ba shi da shi. Rabonsa da kwana a cikinsa shekara hamsin da ɗoriya.

Ya zaro waya ya shiga nuna wa mutane hoton da kowa ya gani sau goma. Ɗan ƙanwarsa yana da gidan abinci a New York, kuma lokacin yaƙin neman zaɓe ɗan takarar ya shiga ya ci gasasshen cukun hallumi.

"Yanka biyu ya ci. Biyu! Mutumin da ya ci cukunmu har ya nemi ƙari, ta yaya zai iya barci alhali shinge ya raba babban birninmu Nikosiya gida biyu?"

"Ni ma jiya shinkafar 'yan Sin na ci," in ji Kokos, "kuma ban ji ina marmarin gyara musu ƙasa ba."

"Mutumina, ka ba shi taswirar duniya," Miltiyadis ya ce ba tare da ya ɗago ba. "In ya ga tsibirin nan zai ɗauka kashin ƙuda ne, ya sa hannu ya goge."

"Ku dai baƙin ciki ne zai kashe ku."

Aka sako jawabin nasara. Neofitos ya sa aka yi tsit. Minti arba'in mutumin yana magana. Ya gode wa matarsa, ya gode wa manoma da direbobi, ya gode wa wani mai yi masa aski. Tsibirinmu ko a tari bai fito ba.

"To, Dagaci?"

"Ba ku san siyasa ba. Babbar magana ba a yin ta a gaban jama'a. Shirun nan shi ne alamar." Ya ɗauki hularsa. "Yau lemuna zai kwana a gida."

Nan ne kowa ya juyo ya dube shi, don duk unguwar babu wanda bai san lemun ba.

Ranar da suka gudo daga yaƙi, Neofitos ya ɗora amaryarsa Mirofora da tsohonsa da katifa ɗaya a kan tarakta. Tsohon ya ƙi hawa sai da aka ɗauko masa wani ɗan dashen lemun tsami da ya raina a gwangwanin man zaitun. A tanti ya rasu, cikin hunturun farko. Maganarsa ta ƙarshe ba a kan coci ba ce, ba a kan jikoki ba. Cewa ya yi, "Kada ka dasa shi a ƙasar aro. Ka mayar da shi gida." Da gwamnati ta ba su ɗan gida a rukunin 'yan hijira, Neofitos ya yanka duron mai gida biyu, ya cika rabin da ƙasa, ya sa lemun a ciki, ya ajiye a tsakar gida kusa da ƙofa don ya yi sauƙin ɗauka.

Tun daga nan yake jiran Amurka. A zaɓen farko bayan yaƙi, lokacin da aka kaɗa ƙararrawar coci aka sallami 'yan makaranta don murnar wanda ya ci, shi ne ya ja igiyar har tafinsa ya saluɓe. Duk bayan shekara huɗu yakan shafa wa duron sabon shuɗin fenti. Lemun kuwa ya girma har ya wuce rufin gidan, yana zubar da 'ya'ya kwando-kwando, Neofitos yana kawo baƙi su gani. "Shekara hamsin a duro! Kun taɓa ganin haka? Jira yake yi."

Abin da bai faɗa a shagon Kokos ba shi ne maganar asibiti. Makon jiya likitar zuciya ta daɗe tana kallon takarda, kuma da ta buɗe baki ba ta yi lissafi da shekaru ba, da watanni ta yi. Bai gaya wa kowa ba. Ya san zaɓe na gaba ba da shi za a yi ba, kuma tsoro yake ji. Ba mutuwar ba ce ta dame shi sosai. Haɗuwa da tsohonsa yake tsoro, a tambaye shi ina lemu.

Don haka tun shekaranjiya ya buga wa Salahi waya. Salahi Baturken tsibirin ne da ke zaune a gidan Neofitos na arewa. Shi ma ɗan hijira ne, daga wani ƙauyen Fafos da ke nan kudu aka koro shi, kuma harshen Girkancinsa ya fi na jikokin Neofitos daɗi. Tun da aka buɗe shingen, Neofitos yakan je ya sha gahawa a falon da a da na uwarsa ne, a matsayin baƙo, su zagi shugabannin ɓangarorin biyu su rabu. Salahi ya ce a kawo lemun, zai haƙa rami a bayan rijiya.

Ya tarar da Mirofora a tsakar gida tana ferar gwaza.

"Ya ci!"

"Wa?"

"Namu!"

"Barka. Ka sayo burodin?"

"Ke fa matsalarki ke nan. Ana maganar tarihi kina maganar burodi. Stavris yana nan tafe da mota. Yau lemun nan zai tafi gida."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta dubi lemun, ta dube shi.

"Dagacin da ba shi da gari, ka bar bishiyar nan ta sarara."

"Alkawari na ɗauka."

"Masu shingen ba za su bar ka ka wuce da ita ba."

"Ina da hatimi."

"Hatimin da ko wanzami ba ya karɓa?"

Bai kula ta ba. Can sai ga Stavris, mijin 'yarsu, da a-kori-kurarsa mai ƙugiya ta ɗaukar kayan gini. Bayansa kuma ga 'yan shagon gahawa gaba ɗaya, har Kokos ya rufe shago ya biyo su. A unguwarmu ba a gayyatar mutane kallo, da kansu suke zuwa da kujerunsu.

Aka fara da hannu. Maza huɗu suka kama bakin duron, Neofitos yana ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. Ko motsi. Miltiyadis ya dafe ƙugu ya ce shi ya yi murabus daga aikin haɗa kan ƙasa.

"Baba, bari a sa sarƙa," in ji Stavris.

"A hankali dai. Ya girme ka."

Aka naɗa sarƙa a jikin duron, aka maƙala ƙugiya. Injin ya yi gurnani. Sarƙar ta miƙe, hancin motar ya ɗan ɗaga, lemu ya rinƙa zubowa a kan 'yan kallo. Mirofora ta miƙe tsaye, gwaza na gangarowa daga cinyarta.

"Stavris, kashe! Kashe, na ce!"

Kafin ya kai hannu, duron ya tsage. Dama fenti goma sha uku ne ke riƙe da shi, ƙarfen ya daɗe da zama tsatsa. Ya buɗe gida biyu, ƙasar ciki ta zube. Lemun yana nan tsaye inda yake. Daga gindinsa wata saiwa mai kaurin cinyar ƙato ta nutse kai tsaye cikin ƙasar tsakar gida, wasu ƙanana sun bi ta ƙarƙashin siminti sun nufi ɗakin girki. Duron ba shi da gindi. An yanke shi tas, kuma yankan ba na jiya ba ne.

Kokos ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Dagaci, ashe ɗan gudun hijirar naka ya daɗe da karɓar takardar zama ɗan ƙasa."

Mutum biyu suka yi dariya, sai suka ga fuskar Neofitos suka haɗiye sauran. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna yana da abin yi, ya ɗauki kujerarsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Mirofora. "Ni da marigayi Andonis mai walda. Shekarar da na haifi Eleni. Ganyen ya yi rawaya yana zuba, bishiya na mutuwa, kai kana ƙofar ofishin jakadancin Amurka da kwali a hannu kana ihu. Muka kwantar da duron, ya yanke gindin, muka tayar."

"Shekara arba'in kina kallona ina shafa fenti."

"Har buroshin nake wanke maka."

"Ubana cewa ya yi kada a dasa shi a ƙasar aro!"

"Ban dasa shi ba. Ƙofa kawai na buɗe masa. Shi ya zaɓa."

Stavris ya yi gyaran murya. "Baba, akwai zarto a mota. In an yanke babbar saiwar, zai ɗagu."

Neofitos ya durƙusa da ƙyar, ya dafa saiwar. A cikin gonar lemu aka haife shi, babu wanda zai gaya masa abin da zai faru. In aka yanke ta, bishiyar za ta isa gida, ta shiga ramin Salahi, kafin Kirsimeti ta zama itacen wuta. Ya daɗe a durƙushe. Haushi yake ji, kuma bai san wa zai ji haushi ba.

Mirofora ta zo ta tsaya a kansa, ta sassauta murya yadda Stavris ba zai ji ba.

"Neofitos, ka daina yi mini wasan kwaikwayo. Kai ɗan masu lemu ne. Wane lemu ne yake shekara hamsin a duro? Duk bazara wa nake gani ta taga yana zuba taki a gefen duron, ba a ciki ba?"

Bai ɗago ba.

"Ƙasar wajen ce ba ta da kyau," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Don furanninki nake zubawa."

"Ba ni da fure a wajen."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Salahi ne, yana magana da ƙarfi kamar yadda ya saba, har Mirofora tana ji.

"Mai gida, ina kuke? Na haƙa ramin, bayana ya kusa ɓallewa. Na ji mai cin cukun naka ya ci. Yaushe zan kwashe kayana?"

"Ka ɗan dakata tukuna."

"Dama ban fara ba. Bishiyar fa?"

"Ba za ta zo ba. Ta ƙi."

"Ta fi mu hankali. In rufe ramin ke nan?"

Neofitos ya dubi saiwar, ya dubi ɓarin duron. "Kada ka rufe. Ka ƙara masa tsawo. Kamar tsawona, da ɗan ɗori."

Kafin Salahi ya samo abin faɗa, Mirofora ta fizge wayar.

"Salahi, ka rufe raminka ka shuka tumatir. Ba inda za shi. Na ga takardar likitar a aljihun wandonsa tun ranar Alhamis, ni nake wanki. In lokacin ya yi, nan zai kwanta, inda zan iya zuwa da ƙafa in yi masa faɗa. Ka gai da uwargida Emine."

Ta kashe, ta mayar masa da wayar cikin aljihun rigarsa, kusa da hatimin. Ta bar hannunta a kan ƙirjinsa ya ɗan jima. Shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Stavris yana tsaye da zarto a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙon.

"Baba, in loda ɓarin duron in kai bola?"

Neofitos ya kama hannun matarsa ya miƙe. Ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara hula.

"Wace bola? Haɗa shi yadda yake, ka samo waya ka ɗaure. Ke kuma ina ragowar shuɗin fentin nan?"

"Yana ƙarƙashin matakala," in ji Mirofora. "Bari in ɗauko maka buroshin."