Tsibiri Biyu a Hanyar Bastia

A unguwar Darsena, inda mutanen Viareggio, wani gari a gaɓar tekun Italiya, ke ƙera jiragen ruwa, idan aka ce "jagora" ba a ƙara suna, kowa ya san Egisto Pezzini ake nufi. Shekara talatin ya yi yana kai dutsen marmara Bastia a jirgin da iska ke turawa, da aka saka wa jiragen ƙananan injina ma bai daina ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɓata ba. Bai taɓa ɗaura agogo ba, bai kuma ɓoye raininsa ga masu ɗaurawa ba. Shi a jikinsa yake jin tafiya. In cikinsa ya nemi burodi da kifi mai gishiri, to tsibirin Gorgona ya kusa fitowa. In inuwarsa ta fara tsawo, tsibirin Capraia ne ke gaba. Daga nan sai duwatsun Corsica, inda Bastia take.

Sai ga attajiran Milan sun zo da wata sabuwar hauka. Suka sa aka ƙera musu jiragen katako masu tsinin baki, aka cusa wa kowanne injin mota biyu, wai za a yi tsere daga Viareggio zuwa Bastia a juyo a rana ɗaya. Egisto ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce waɗannan ba teku suke so ba, karyewar ƙashin baya suke nema.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Kowane jirgi yana bukatar mutum uku: mai tuƙi, bakanike, da mai nuna hanya. Wani lauya mai farin jirgi ya ɗauki Ultimo, autan gidan su Egisto, ya zama mai nuna masa hanya. Ultimon da Egisto ya koya wa ƙulla igiya, wanda a tafiyarsa ta farko ya kwana biyu yana amai a bokiti! Ya yi shekaru a ɗakin injin manyan jirage, ya dawo da agogo a hannu da fensir a kunne, yana magana da lambobi. A tseren farko farin jirgi ya zo na uku, jarida ta buga hoton Ultimo yana dariya, gashi a jiƙe, aka rubuta a ƙasa wai jagoran Viareggio.

Mai shagon gahawar bakin gada ya yanke hoton ya manna a saman injin gahawa, daidai inda idon Egisto ke sauka kowace safiya. Wata goma sha ɗaya yana shan gahawarsa a gaban haƙoran ƙanensa. Hassada ce, babu wani suna da za a ba ta, kuma ta ci shi ƙwarai.

"Egisto, an ce ƙanenka awa biyu da 'yan kai ya yi ya ga Bastia," in ji wani tsohon masunci wata safiya. "Kai kwana nawa kake yi?"

"Ni kaya nake kaiwa, ba hoto nake zuwa ɗauka ba."

"Ai shi ya sa ba mu taɓa ganin naka a bango ba!"

Shago ya ɗauki dariya. Egisto ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya miƙe kai tsaye zuwa rumfar da ake fentin wani jan jirgi. Mai shi, Injiniya Colnaghi, ɗan gajeren mutum ne mai masaƙa a Milan, wanda ya daɗe yana aiko masa ya zo ya zama mai nuna masa hanya, shi kuma yana ƙi. Egisto ya ce ya yarda. Injiniya ya yi murna, ya ce to sai su yi gwaji sau ɗaya har Corsica kafin ranar tseren bana.

"Ranka ya daɗe, ni za a gwada wa hanyar Bastia?" in ji Egisto. "Gwada injinka a nan bakin gaɓa. Hanya kuwa bar min ita."

Ranar Lahadin da ta rage mako guda, Ultimo ya zo cin abincin rana gidan yayansa kamar yadda ya saba. Zaira, matar Egisto, ta dafa miyar kifi da gasasshen burodi. Ana cikin ci Ultimo ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu ya tura gaban yayansa, sannan ya kwance agogonsa ya ɗora a kai.

"Yaya, ga wannan. Ina da wani agogon. Na rubuta maka mintocin: Gorgona hamsin, Capraia awa ɗaya da rabi. Wannan gudun ba irin wanda muka sani ba ne. Kamfas ma, mai allurar nuna arewa, rawa yake yi, ba ya tsayawa. In kuma aka tashi da hazo..."

"Zaira, kin ji? Autan Mamma zai koya min hanyar Corsica."

"Haba Yaya, ba koyarwa ba ce."

"Lokacin da nake ratsa wannan ruwan kai kana tsotson yatsa. Ɗauke min tarkacenka daga kan tebur, miya za ta ɓata maka lissafi."

Zaira ta ce, "Kai dai Egisto, karɓi mana. Agogo cizo yake yi?"

Bai karɓa ba. Ultimo ya mayar da agogonsa hannu a hankali, ya ci gaba da cin miyarsa, har ya nemi ƙari. Wannan ma ya ƙona wa Egisto rai, domin ya so yaron ya yi fushi su yi ta ta ƙare.

Ranar tsere aka tashi da hazo. Ba mai kauri ba ne, irin na watan Yuli ne wanda ke haɗe teku da sama su zama fari ɗaya. Jama'a sun cika katangar tasha maƙil, har kan duwatsu. Jirage goma sha huɗu suka jeru, aka harba wuta sama, injina suka yi wata irin ƙara da Egisto ya ji a haƙoransa.

Minti biyar da tashi ya gane cewa bai san wannan tekun ba. Jirgi ba ya bin raƙuman ruwa, tsallake su yake yi ya faɗo tim kamar an jefo ƙofa daga bene. Su ukun a tsaye suke, sun riƙe ƙarfe, ruwa na marin fuska. Gwiwoyinsa suka fara ihu. Ya duba kamfas, allurar na ta juyi kamar mashayi. Ya ɗaga kai neman rana, babu rana, sai wani farin haske ko'ina. Cikinsa kuwa da ya saba gaya masa lokaci, ranar ba abin da yake cewa sai a sauke shi.

Amma fa jan jirgi yana gudu. Suka wuce wannan, suka wuce wancan, can sai ga farin jirgi a gefensu, Ultimo a tsaye yana duba wuyan hannunsa. Suka wuce shi. Ultimo ya ɗaga masa hannu. Egisto ya yi kamar bai gani ba, amma wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa, daɗin da ya rabu da ji tun ranar da aka manna hoton nan.

Sun daɗe suna tafiya, ko ba su daɗe ba, shi dai bai sani ba. Sai wata inuwa ta taso daga cikin hazo, ƙaton baƙin abu ba kai ba gindi. Tsibiri ne.

Injiniya ya saci kallon agogonsa, ya kwatsa murya a kunnen Egisto. "Capraia ce ko? Awa ɗaya da rabi muka yi!"

Awa ɗaya da rabi. Da a ce Injiniya bai faɗi wannan adadin ba, wataƙila da Egisto ya sa an matsa kusa ya dubi duwatsun da kyau, domin ya san su kamar fuskar matarsa. Amma abin da ya ji shi ne muryar Ultimo a kan teburinsa, da ɗan kwalin nan kusa da kwanon miya. In ya ce Capraia ce, ya zama auta ya yi gaskiya ke nan. Kuma shekara talatin, duk wanda ya fito daga Viareggio tsibirin da yake fara gani Gorgona ce. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa mutum zai iya wuce tsibiri sukutum a cikin hazo kafin ido ya kama shi.

"Gorgona ce!" ya ce. "Karkata hagu kaɗan! Da sauran tafiya, buɗe masa wuta!"

"Ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, agogo ka ɗauka aiki ko ni?"

Injiniya ya karkata hagu ya buɗe wuta. Egisto ya waiwaya, bai ga kowa a bayansu ba, ya ce a ransa sun yi musu fintinkau.

Kudu da Bastia ƙasar Corsica ba ta da duwatsu a baki, yashi ne shimfiɗe daidai da ruwa, wanda ko da rana tsaka sai an matso ake gani. Egisto yana jiran Capraia ta fito, sai ya ga launin ruwan ya sauya daga shuɗi zuwa kore, daga kore zuwa ruwan ƙasa. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan jirgi ya daki tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa. Suka tashi sama suka faɗo can gaba. Bakanike ya fasa goshi a jikin ƙarfe, farfela ɗaya ta tafi, ɗayar ta lanƙwashe, injina suka yi tari suka mutu. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa yana shigowa ta ƙasa.

Injiniya bai zage shi ba. Ya miƙa masa bokiti kawai. Iska daga tudu take busowa, tana tura su cikin teku a hankali, ba su da hanyar kiran kowa, kuma babu wanda zai neme su a nan, tunda ba hanyar tsere ba ce. Egisto yana kwasar ruwa yana zubarwa, ruwan na ƙaruwa, ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri.

Shi ya fara jin ƙarar injin. Ya san jirgin tun kafin ya fito daga hazo, ya kuma roƙi Allah a ransa ya zama wani ne daban, ko masunta, ko 'yan sanda, ko ma kowa. Farin jirgi ne.

"Yaya! Kowa lafiya? Kama igiya!"

Egisto ya tsaya da bokiti a hannu. Igiya ta faɗo a gabansa yana kallonta, sai da bakanike ya ɗauka ya ɗaure.

"Me ya kawo ka nan?" Abin da ya iya cewa ke nan. "Ba tsere kake yi ba?"

"Mu muka fara isa Bastia. Da muka juyo na ƙirga jiragen da ke tahowa, ban ga naku ba, alhali kuna gabanmu. Na ce wa Lauya mu yi kudu."

"Wa ya ce maka kudu muka yi?"

"Yaya, ai na san ka. Ka ga Capraia ka ce Gorgona ce."

Lauyan da ke riƙe da sitiyari ya ce, "Minti shida muka ba na biyu, malam. Ƙanenka ya ce in ban juya ba zai faɗa ruwa ya taho da iyo."

Aka ja su a hankali zuwa Bastia, Egisto a durƙushe yana kwasar ruwa, bayan Ultimo kawai yake gani a gabansa. Da ma ya ci kofin! Kofi abu ne da za a iya rainawa; da sai ya ce injin lauya ne ya yi aiki, ko sa'a ce, ya yi ta faɗa har ya mutu. Amma wannan me zai ce a kansa? Yaron ya ajiye nasara yana ganinta, ya zo ya tsamo yayansa, kuma Darsena za ta yi ta ba da labarin har jikoki. Egisto ya nemi godiya a zuciyarsa, ya san ya kamata ta kasance a wurin, bai samu komai ba sai ɗaci.

Labari ya riga su isa. Mutane sun cika bakin tasha, da alƙalan tsere, da 'yan jarida biyu da suka biyo jirgin fasinja daga Italiya. Aka yi ta tafa wa farin jirgi. Da aka ɗaure jiragen, ɗaya daga cikin 'yan jaridar ya tare Ultimo da littafi a hannu, ya tambaye shi yaya aka yi jagora kamar Egisto Pezzini ya ɓata.

Ultimo bai ko yi jinkiri ba. "Kamfas ɗinsu ne ya lalace," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Duka ya yi masa yawa. Da kamfas mai kyau yayana ba ya ɓata, shi ya koya min duk abin da na sani. Ka rubuta haka."

Injiniya ya dubi ƙasa bai musa ba. Bakanike kuwa yana dafe da goshi. Ɗan jarida ya fara rubutu. Shi ke nan, an mayar wa Egisto sunansa cif, gobe zai shiga shagon gahawa a ce masa jagora kamar jiya. Sai dai kowace safiya zai san daga hannun wa ya karɓa.

Ya hau matakalar tasha da ƙyar, wandonsa na ɗigar ruwa. Ya dafe littafin ɗan jaridar da jiƙaƙƙen hannunsa.

"Goge wannan," ya ce. "Kamfas lafiyarsa ƙalau. Ni na ɓata."

"Yaya, don Allah..."

"Rufe min baki! Ka ɗauke ni daga ruwa, ya ishe ka haka." Ya juya ga ɗan jaridar. "Rubuta. Egisto Pezzini ya ga Capraia ya ce Gorgona ce. Pezzini, da zed biyu."

Ɗan jarida ya ja layi a kan abin da ya rubuta da farko, ya sake sabo. Egisto ya tsaya a kansa har ya ga ya gama.