Kwanon Baba Kafinta

"Sauke murfin nan, Rumbu. Na ji ka."

Yaron ya daskare a bakin murhu, hannu ɗaya cikin tukunya, kumatu a cike. Mai ɗinki ba ta ko ɗaga kai daga kekenta ba, ƙarar murfi kaɗai ta ishe ta. Ɗanta na fari ke nan, kuma ba a banza ta laƙaba masa Rumbu ba. Ƙanensa Auta yana raɓe a bayan ƙofa yana masa gadi, ɓawon ayaba na leƙowa daga aljihunsa.

"Mama, ɗanɗanawa kawai na yi."

"Ɗanɗanon da ya kai gindin tukunya? Abincin dare ne fa wannan."

Ita dai ba ta taɓa ganin ci irin na yaran nan ba. Su dawo daga makaranta su ci, su cire takalmi su sake ci, kafin ta wanke kwanuka sun dawo suna zagaya kabad. Burodin da ta saya don safe ba ya kwana. Madarar gari a tafin hannu suke lashe ta, sukari kuwa sai dai ta tarar da cokali a jiƙe cikin gwangwani. Babansu direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, in ta kai masa ƙara ta waya dariya kawai yake yi. Da abin ya ishe ta, sai ta ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsu, Baba Kafinta, tsohon da ke zaune shi kaɗai a ɗakin da ke jikin nasu, ta roƙe shi ya sa wa kabad ɗin abinci kwaɗo.

Ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya durƙusa da ƙyar. Sukurun ya yi ta kuɓuce masa, yaran suna tsaye a kansa suna kallo kamar ana rufe musu ƙofar duniya.

"Girma suke yi, 'yata," ya ce. "Ni ma na yi irin wannan cin."

"Baba, in na bar su, har ni za su cinye."

Ya ɗaura kwaɗon, ya miƙa mata makulli.

Ba a daɗe ba 'yar tsohon ta zo daga garin da take koyarwa, ta kai shi asibiti, aka canza masa maganin ciwon suga. Ranar da za ta koma ta shigo wurin Mai ɗinki da buhun shinkafa da galan ɗin mai, ta zauna a gefen keke tana murza yatsu.

"Yaya, alfarma nake nema. Likita ya ce ƙwayar nan ƙarfi gare ta. In ya sha babu abinci a cikinsa, sugansa zai faɗi, yana iya tafiya daga nan. Shan magani kam Baba ba ya fashi. Cin abincin ne sai an yi da gaske."

"Haba, wannan har sai kin roƙa? Ki tafi hankalinki kwance. Ni zan tsaya a kansa."

Ta kuwa tsaya, a farko. Ta kai masa kwanon rana da na dare da hannunta, ta zauna tana masa hira har ya tura 'yan lomomi. Sai aikin kayan makaranta ya faɗo mata, yadi ya cika ɗaki har kan gado, mai kwangila na kira safe da yamma. Ta fara ɗora wa Rumbu kwanon.

"Ka miƙa masa, ka jira ya gama, ka dawo min da shi. In ka taɓa ko ƙwayar shinkafa ɗaya, ni da kai ne."

Kwanon ya riƙa dawowa tas, har sheƙi yake yi. Ta ji daɗi ƙwarai. A ranta ta ce ashe ita ce ke takura wa tsohon da ido, gaban yara ya fi sakin jiki. Duk lokacin da 'yarsa ta bugo ta tambaya ko yana ci, Mai ɗinki takan maƙale wayar a kafaɗa, ƙafarta na kan keke, ta ce, "Ci? Har suɗe kwano yake yi."

A cikin kwanakin nan ne gidan ya yi wani irin shiru. Babu mai jan kwaɗon kabad, babu mai bin ta da "Mama, yunwa". Wani daren har Rumbu ya bar saura a farantinsa, ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Lafiyarsa lau. Ta ɗauka kwaɗon ne ya koya musu hankali, har ta ba wata mai kawo ɗinki shawara ita ma ta sa. Abin da bai yi mata daɗi ba shi ne daga ɗakin tsohon ma an daina jin ƙwanƙwasar gudumar nan da yake yi da hantsi, yana gyara wa mutane kujeru.

Wata safiya ta fito zubar da shara ta same shi a bakin ƙofarsa, ya dafa bango. Wandonsa an naɗe shi a ƙugu an ɗaure da igiya. Garin babu zafi, amma gumi ne ke tsattsafo masa a goshi. Ya dube ta ya kira ta da sunan 'yarsa, sannan ya yi dariya ya gyara.

"Baba, ka rame fa. Kana dai ci?"

"Kwano bai gaya miki ba?"

Ta yi dariya ita ma, amma ba ta gamsu ba. Ta ƙudurta cewa yau da kanta za ta kai masa na rana. Kafin rana ta yi mai kwangila ya turo a karɓi kaya, ga riguna ba a sa musu maɓalli ba, ta manta da zancen. Washegari ma haka.

Ranar da abin ya faru, yaran ba su jima da kai kwanon ba suka dawo. Rumbu ya ajiye kwanon a kan tebur a hankali, da nauyinsa. Ta buɗe, shinkafar na nan yadda ta zuba ta, ƙwan na bisa.

"Me ya faru? Ba ya nan?"

Rumbu ya sunkuyar da kai. Auta ne ya amsa, yana leƙen kwanon.

"Barci yake a kujera. Yau bai ce mu ci ba."

Keken ya tsaya. Ta dubi Auta, ta dubi Rumbu.

"Yau bai ce ku me ba?"

Ba ta jira amsa ba, ta fice. Ƙofar tsohon a buɗe take. Yana zaune a kujerar da ya ƙera da hannunsa, kansa ya langaɓe gefe, rigarsa ta jiƙe sharkaf. A kan ɗan teburin gefensa ga kofin ruwa, ga takardar magani an ɓalle na ranar. Ta kira shi, ta jijjiga kafaɗarsa, hannunsa ya zame ya faɗi. Numfashi yake da wani irin gurnani. Ta ruga gida, makullin ya yi ta kuɓuce mata kafin ta buɗe kabad, ta dawo da gwangwanin sukari tana shafa masa a dasashi tana kiran sunan Allah. Ta ƙwala ihu, mai shagon da ke ƙasan gidan da wani ɗan haya suka zo suka ciccibe shi zuwa mota. Mai shagon ya ce bai taɓa ɗaukar babban mutum mara nauyi haka ba.

Bai farfaɗo ba. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Da ta dawo daga asibiti ta tarar da yaran a inda ta bar su. Ta yi niyyar duka, har ta ɗauko sandar awon yadi, sai ta ga yadda Rumbu ke rawar ɗari, ta ajiye.

"Tun yaushe?"

"Tun da kika fara aikena." Rumbu ne ya amsa. "Cokali ɗaya yake ci, sai ya ce maƙogwaronsa ba ya karɓa. Ya ce mu taimake shi mu cinye kada ki yi masa faɗa. Na ce kin hana. Ya ce yana jin mu ta bango muna cewa yunwa, kuma shi ne ya sa kwaɗon. Ya ce in yana kallonmu muna ci, shi ma ƙoshi yake yi."

"Ya ce kar mu faɗa," Auta ya ƙara. "Mama, mu ne muka sa ya mutu?"

Ta jawo su jikinta. Kukan da ba ta yi a asibiti ba a nan ya ƙwace mata.

Bayan an binne shi, mutane sun watse, 'yar tsohon ta shigo da leda a hannu. Idanunta sun kumbura. Ta zauna a gefen keke, yaran suna tsaye jikin bango.

"Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Amma akwai abin da ke cin raina. Likita ya ce jikin Baba ya nuna ya daɗe ba ya cin abinci. Na ce masa ba zai yiwu ba, maƙwabciyarsa ta ce har suɗe kwano yake."

Ta tsaya tana jira. Mai ɗinki ta ji numfashin Rumbu ya canza a bayanta. Ta san in maganar ta fita yadda take, yaron nan zai girma da ita a wuyansa.

"Kwano na riƙa gani," ta ce. "Ban je na gan shi yana ci ba. Ni na yi miki alkawari, ni kuma na kasa. In da wanda za ki riƙe, ni ce."

Matar ta daɗe tana kallonta. Sannan idonta ya koma kan yaran, ya tsaya a kan Rumbu, wanda hawaye ke ɗiga daga haɓarsa. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ba ta tambaya ba. Ta miƙe, ta ajiye ledar a kan tebur.

"Duk wayar da muka yi sai ya ce in na zo in sayo wa samarinsa wani abu, girma suke yi. Ga shi nan."

Ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

Burodi ne babba mai laushi, da biskit, da gwangwanin madara. Mai ɗinki ta dafa shayi, ta yanka burodin da kauri, ta tura gabansu.

"Ku ci."

Auta ya dubi yayansa. Rumbu ya sa hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa. Suka zauna su uku suna kallon burodin, tururin shayin yana raguwa a kofuna.