Layi na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

…kuma ga shi nan, layi na ɗari huɗu da sha biyu a rubutun manhajar asibitin, da sunanta a gefe. Sharvari. Shekara uku ke nan da ta rubuta shi. Yanzu ƙarfe goma da minti arba'in, taro ƙarfe sha ɗaya, a taron kuwa shugabansu Gokhale-sir zai cire Tanmay, ƙaramin ma'aikacin da ke ƙarƙashinta, daga aikin saboda nauyin da manhajar ta yi. Ga Tanmay ɗin can bakin taga, yana ta juya shayin da ya huce.

Saƙon bin sawu ne fa kawai, irin wanda manhaja ke ajiye wa masu gyara su san inda ta bi. Ba tun bara aka kashe shi ba? A'a… fitowa aka hana shi. Duk wanda ya nemi layin ganin likita, sai na'ura ta kwaso tarihinsa kaf, ta jera kalma-kalma, ta haɗa saƙon tsaf, sannan ta tambaya: ana so? Ba a so. Ta zubar. A da mutane kaɗan ne, wa zai lura? Yanzu sau dubu arba'in kowace safiyar Litinin, marasa lafiya na tsaye suna kallon waya tana ta juyi.

Aai, mahaifiyarta, ma haka take, kullum sai ta murza gurasar chapati huɗu na yayanta Dada, shi kuwa shekararsa biyu a Dubai. "Aai, wa zai ci?" "Ke dai ci naki."

A tambaya kafin a haɗa — gyaran ke nan, aikin minti biyu. Amma gyaran ma da sunanta zai shiga, kowa ya gani. Ko ta bari sai mako mai zuwa, bayan an… Tanmay ne ya taɓa manhajar a ƙarshe, shi ya sa laifin ya faɗa kansa. "Tai," in ji shi, wato yaya, "sau goma na duba nawa, ban ga komai ba." Ita kuma, "Sake dubawa." Da wace murya ma ta faɗa masa?

Wa ya sa ta rubuta layin, in ba Gokhale-sir ba? "Ki sa ta ajiye komai, Sharvari, komai." "To, sir." A nan birnin Pune ko a ina, wa ke ce wa sir a'a? Shi kuma sunansa ba ya gefen layi. Kunya take ji, tsoro ya fi kunyar.

Saura minti biyar. Tanmay ya gyara wuyan riga, ya zo ya tsaya a kanta. "Tai, za ki zauna kusa da ni?"

Allon a buɗe, layin a gabansa — bai ko kalla ba, ita yake kallo. Maganar cewa layin nata ne ta gama haɗuwa a bakinta tsaf, kalma-kalma. Saura fitowa…