Tsatsar Wuƙar Baba

Shekarar da aka yanke albashin ma'aikata, nama ya zama sai gani da ido a unguwar Briqueterie. Mahauta suka rage yanka, masu tsire suka rage wuta, shi kuwa Garga mai wasa wuƙaƙe ya koma korar ƙuda a gaban dutsensa.

Ana haka sai ga Nu'man, ɗan ƙanwarsa mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwar Mokolo, riƙe da wani littafin Faransanci cike da hotunan wuƙaƙen da.

"Kawu, dubi nan. Wannan ba irin ta kaka ba ce?"

Irinta ce kuwa, wuƙar damtse mai jan kube, ƙirar Garoua, wadda mahaifin Garga ya sauko da ita kudu. Nu'man ya ce akwai wani likita a unguwar Tsinga mai tara irinsu, kuma hannunsa a sake yake.

"Sai dai littafin ya kafa sharaɗi. Kada a wasa, kada a goge. Tsatsar nan ake saye."

Garga ya amince, don gida ba hatsi, amma ransa bai so ba ko kaɗan.

Da safe ya zaro ta don kallon ƙarshe. Shekara talatin yana gyara wuƙaƙen mutane, a ce ta ubansa ta bar gida da tsatsa kamar marainiya? Ya ɗiga ruwa a kan dutse, ya gyara zama.

Da hantsi likita ya iso, nasa littafin a hammata. Ya juya wuƙar, tana ƙyalli kamar sabon kwano, ya ja tsaki.

"C'est gâté, ta lalace. Kun kashe ta," ya ce, ya koma motarsa.

Nu'man kamar ya yi kuka. "Kawu, sau biyu fa na karanta maka."

"Tsufa ne, ɗana. Mantuwa."

Hadija, matar Garga, tana kaɗa miya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da Nu'man ya fita ta ce, "Malam, kai da kake gane wuƙar kowane mahauci a cikin ɗari, yau ka fara mantuwa? Ka ce dai ba ka iya rabuwa da ita."

"Ba na iyawa," in ji shi, kuma da ya faɗa sai ya ji zuciyarsa wasai.

"To, wanke hannu. Miyar kuka ce, ba nama."

Ya mayar da wuƙar cikin kubenta, ya rataye ta a ƙusar da take tun ranar da aka binne mahaifinsa.

"Zubo," ya ce. "Ki cika kwanon."