Fartanyar Gwadabe

Kulob ɗin Garma na Rafin Ɓaure ba shi da mai shi, ko kuma a ce masu shi sun yi yawa. Ƙauyen yana gundumar Zoza ta Rogo, kuma ba shi da wani abin da zai yi wa maƙwabta gori da shi in ba ƙwallo ba. Shekara goma sha tara ke nan da Gwadabe Tela ya tara samarin garin suka sare sabarar bayan makaranta suka mayar da wurin fili. Shi ya ɗinka rigunan farko a kekensa, kore da ratsin fari, hannun wata ya fi na wata tsawo. Tun daga ranar ake ce masa Shugaba, har matarsa Rukayya in tana son ta tsokane shi.

Kulob ɗin yana da gona, ta gyaɗa, wadda mai unguwa ya bayar aro tun farko kuma ya manta da karɓa. Da gayya ake noma ta. In kaka ta yi a kai gyaɗar kasuwar Rogo, a sayo ƙwallaye da takalma. Duk wanda ya yi noman gayyar da hannunsa yana da ta cewa a kulob a wannan shekarar, ko da bai san raga daga komar kamun kifi ba. In za a yanke wata magana, kowa ya zo da fartanyarsa fili: masu cewa e su jibge a ragar gabas, masu cewa a'a a ragar yamma, mai unguwa ya ƙirga. Matan da suka yi girkin gayya kuwa muciya suke aikowa, ana ƙirga ta daidai da fartanya. In aka yi kunnen doki, abu ya zauna yadda yake.

Wanda uzuri ya hana shi zuwa ana bar masa kunyoyinsa da ciyawarsu, ya zo ya nome kafin Juma'a. Amma wanda ya biya ɗan ƙodago ya yi masa, ya fita ke nan sai baɗi. Wannan dokar Gwadabe ne ya kafa ta, kuma yana ji da ita fiye da yadda yake ji da almakashinsa. Shekara shida da suka wuce, Sabi'u mai gyaran babur ya kwana biyar a asibitin Rogo da matarsa tana fama da naƙuda, sai ya aiko da ɗan ƙodago. Da aka zo zaɓen koci, Gwadabe ya je har cikin tulin ya zare fartanyar Sabi'u a gaban jama'a, ya miƙa masa, ya ce, "Kuɗi ba ya zaɓe a Garma." Sabi'u ya karɓa ya tafi gida. Bai kuma sake fashin gayya ba, amma gaisuwarsu ta koma ta sallama da amsawa kawai.

Bana Garma ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta haye gasar jiha, inda daga can ake hango ajin ƙwararru. An yi kwana uku ana murna, a na huɗu aka fara tunani. Wasa yanzu sai an je Wudil, an je Bichi, an je Gaya, ga rajista, ga abincin hanya, ga maganin wanda ya ji rauni. A akori-kurar da ke kai shanu kasuwa aka je wasan ƙarshe, 'yan wasa suka sauka suna warin da ba a son faɗa. Uwais mai tsaron gida da safar hannun magina yake kama ƙwallo. Kowa ya san gyaɗar gona ɗaya ba za ta ɗauki wannan kayan ba, Gwadabe ma ya sani, faɗa ne kawai ba ya so.

Ana haka sai ga mota ta tsaya ƙofar shagonsa wata Asabar da hantsi. Alhaji Muntaka ne, ɗan Unguwar Hajji ta Karaye, dillalin hatsi wanda tirelolinsa ke kai masara har kudu. Ya sauko da fara'arsa, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki.

"Shugaba, barka da aiki. Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Alhaji. An zo lafiya? Ya hanya?"

Sai da aka tambayi lafiyar kowa har ta mai unguwa, sannan Alhaji ya fito da abin da ke tafe da shi. Zai ba da bas sabuwa, da riguna kala uku, da albashin wata ga kowane ɗan wasa. Abin da yake so kaɗan ne, in ji shi: sunan ya koma Muntaka United, wasannin gida su koma Karaye inda akwai katanga da ƙofa, shi kuma ya naɗa masu gudanarwa.

Gwadabe bai ɗaga ƙafa daga keke ba. Ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Amma ba nawa ba ne balle in sayar."

"Na wane ne?"

"Na masu gayya."

Alhaji ya nemi bayani, aka yi masa dalla-dalla. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To yaushe ne gayyar?"

"Laraba za mu yi maimai, noma na biyu," in ji Gwadabe, yana dariya a ransa. Ya ɗauka tambayar masu kuɗi ce, irin wadda ake yi don a cika zance.

Talata da la'asar aka bugo masa waya daga Kano cewa gobe ake rufe rajistar gasar, kuma sai shugaban kulob ya sa hannu da kansa. Babu yadda zai yi. Da ya bar kunyoyinsa kawai, da ya dawo Alhamis ya nome su, magana ta ƙare. Amma Gwadabe mutum ne mai gudun abin faɗa. Ya hango yadda za a nome gona tas a bar layi huɗu da ciyawa, masu wucewa suna nunawa suna cewa na Shugaba ne. Sai ya kira Sulle, wanda ƙodago ne sana'arsa, ya danƙa masa kuɗi ya ce in ya gama nasa kunyoyin ya haɗa da na Shugaba. A gaggauce ya yi, hankalinsa yana kan hotunan 'yan wasa da takardun haihuwa. Dokar da ya kafa da bakinsa ko faɗo masa ba ta yi ba, sai da bas ta bar Karaye da nisa. Nan ya yi ta neman wayar Sulle ba ta shiga.

Ya dawo da rajista a hannu, ya tarar da gari ya ɗauki labari ɗaya. Goggonsa Inno Kande, tsohuwar da ke shugabantar girkin gayya tun kafuwar kulob, ita ta tare shi da shi a zaure.

"Kai kana birni, baƙonka ya zo. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a ɗorawa, ya naɗe wando, ya karɓi fartanya. Wallahi Gwadabe, yaran nan masu aski kamar zakara sai da suka ji kunya. Ashe ɗan manomi ne. Kunya biyar ya yi, ya zauna a ƙasa ya sha kunu da kowa."

"Sulle fa?"

"Ya yi naka tas, ko ɗan tsinke bai bari ba." Ta dube shi ta gefen ido. "Tsuntsun da ya ja ruwa dai, ka san sauran."

Daren nan bai ci tuwon kirki ba. Tsoro yake ji, kuma ya san na mene ne. Ba kujerar shugabanci yake jin rabuwa da ita ba, kujerar da ba ta taɓa ba shi komai ba sai ciwon kai. Abin da yake tsoro shi ne ranar Asabar ta zo Rafin Ɓaure shiru, babu tsofaffi a gindin ɗorawa suna zagin alƙalin wasa, babu masu ƙosai, babu kowa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci gari ya hallara a fili don a yanke maganar tayin Alhaji. Mai unguwa ya ba Gwadabe magana. Ya ce ya ji samari a gidan kallo suna cewa ko a Turai attajirai ne ke riƙe da kulob, to su tambaya su ji ko masu kallon can suna da ta cewa in aka sayar musu da ɗan wasa. Ya ce Alhaji mutumin kirki ne, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ran da ya gaji, ko masara ta faɗi, wa za a riƙe?

Uwais mai tsaron gida ya nemi izini. Ya cire hula ya ce, "Baba Shugaba, kai ka koya mini kama ƙwallo, ba zan yi maka musu ba. Amma shekarata ashirin da shida. Ina da mata da ɗa. Yatsan nan sau uku yana karyewa, gyaɗa kuma ba ta taɓa saya mini safa ba. In ban gwada bana ba, yaushe?"

Alhaji Muntaka da aka ba shi magana cewa ya yi shi ma ɗan gayya ne kamar kowa, fartanya ɗaya gare shi.

Aka fara ajiyewa. 'Yan wasa kusan duk gabas suka nufa, iyayensu suka rabu biyu. Tsofaffi suka yi yamma. Muciyoyi suka zo a hannun Inno Kande, ta raba su yadda masu su suka ce, ta kai tata yamma tana mita. Sabi'u ya kai tasa gabas bai dubi kowa ba. Alhaji ya ɗora tasa a sama, sabuwa fil, ƙotarta ko duhu ba ta yi ba. Gwadabe yana tsaye a tsakiyar fili da tasa a hannu, don a al'ada shugaba ne ke ajiyewa a ƙarshe.

Mai unguwa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Gabas hamsin da tara, yamma hamsin da takwas.

Mutanen yamma suka kaure da ihu. "Shugaba, ajiye! Kunnen doki ke nan! Ajiye mana!"

Taku ashirin ne tsakaninsa da ragar yamma. Ya duba ya ga Sulle ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa. Kowa a wurin ya san wanda ya nome kunyoyin nan huɗu, amma babu wanda ya ɗaga maganar, har mutanen gabas ɗin. Ya yi taku uku. Sai Sabi'u ya yi gyaran murya.

"Shugaba, ai hidimar kulob ka tafi, kowa ya sani," in ji shi a hankali. "Ajiye abinka. Ni ban ce komai ba."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Gwadabe ya tsaya cak. Ya tuna ranar da ya zare fartanyar mutumin nan daga tuli, jaririnsa ko suna ba a yi ba. A ranar ya ji shi gwarzo ne. Yanzu kunya ce ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ga kuma son kulob ɗin yana ci masa rai kamar zai yi kuka.

Ya juyo wajen mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Sulle ne ya yi nomana, biyansa na yi. Ba ni da fartanya bana." Ya saɓa ta a kafaɗa.

An zage shi a ranar, har da waɗanda suka girme shi. Wani tsoho ya ce ya sayar da gari don taurin kai. Inno Kande ta kwashe muciyoyinta ta ce duk wanda ya ƙara magana ya zo ya same ta. Alhaji ya zo ya riƙe hannun Gwadabe da hannu biyu, ya ce kujerarsa tana nan a Karaye duk ranar wasa. Gwadabe ya yi godiya, ya miƙa masa takardun rajista.

Alhaji ya cika alkawari, wannan ba a ɗauke masa ba. Bas ta zo, albashi ya fito. Ranar wasan farko, da kaka ta kama, Gwadabe ya bar katin gayyata a aljihun keken ɗinki, ya hau acaɓa zuwa Karaye, ya bi layi ya sayi tikiti. Mai ƙofa bai san shi ba, ya ce, "Baba, matsa ciki, kana tare hanya." Yaran suka fito cikin shuɗi. Uwais da safa sabuwa ya ture wani bugu da a da sai dai ya bi shi da ido. Gwadabe bai san sanda ya miƙe ya ce "Garma!" ba. Wani saurayi a gefensa ya ce masa ai Muntaka ake cewa yanzu. Yaran suka ci biyu da nema, ya yi murna, ya kuma ji haushin murnar.

Da ya dawo bai shiga gida ba, ya bi ta bayan makaranta. Ciyawa ta fara cin tsakiyar fili, akuyar wani tana ɗaure a turken raga. Gonar kulob kuwa tun ranar zaɓe babu wanda ya sake kiran gayya a kanta, don babu wanda ya san ta wace ce yanzu. Sai ya hango mutum ɗaya a duƙe yana cirar gyaɗa, ya yi nisa, ya jera ta a rana. Sabi'u ne.

Suka gaisa, wannan karon har da tambayar iyali.

"Me za a yi da ita?" in ji Gwadabe.

"Ƙwallo mana. Ƙannen waɗancan suna nan, lemon tsami suke bugawa a lungu." Sabi'u ya share gumi, ya nuna gefen ɗorawa da haɓa, inda kunya huɗu ke tsaye da ganyensu ba a taɓa ba. "Ga naka can. Na ce kada kowa ya taɓa maka."

Gwadabe ya dubi kunyoyin. Sannan ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya ce Sabi'u ya ara masa fartanya.